Hannun Sista Sau-Ɗaya

Tsohon ɗakin yara na asibitin ya zama wurin ajiye karyayyun gadaje yanzu, an garƙame shi da ƙaton kwaɗo, amma waɗanda suka yi jinya a cikinsa ba su manta da shi ba. Dogon ɗaki ne mai tagogi hagu da dama, gadajen ƙarfe masu shinge a jere, kowanne da kujerar roba a gefe inda uwa take zama har bayanta ya ƙage. Fankoki biyu ne a sama, ɗaya tana juyawa tana kuka, ɗayar kuwa tun da aka ɗaura ta ba wanda ya taɓa ganin motsinta. Wani mai fenti ya taɓa zana giwa a bango don yara su yi dariya, sai ta fito kamar tunkiya mai ciwon haƙori, kuma yaran sun yi dariyar. A ƙarshen ɗakin, bayan wani koren labule, akwai tebur mai katifar leda da fitila mai dogon wuya. Nan ake sa wa yara ƙarin ruwa, nan ne kuma mulkin matar da kowa yake kira Sista Sau-Ɗaya ya fi ƙarfi.

Ba a banza ta samu sunan ba. Duk wanda ya taɓa ganin jaririn da gudawa da amai suka tsotse, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, fata in an ja ta ba ta komawa, ya san nemo jijiya a hannun irin wannan yaro ba wasa ba ne. Jijiyar ta fi zare siranta, ga shi ta lafe ta ɓuya. Nas za ta soka nan, ta soka can, ta koma ƙafa, yaro yana kukan da babu hawaye, uwa ta kawar da kai tana cizon leɓe. Ita kuwa wannan mata sau ɗaya take sokawa. Sai ta ɗauki ɗan hannun ta rufe shi cikin tafukanta ya ɗumama, tana yi wa yaron hira kamar sun daɗe da sanin juna, ta ɗaure da 'yar igiyar roba, ta lumshe ido, ta bi bayan hannun da kan yatsa. Kafin uwa ta gama tattara ƙarfin halinta, jini ya leƙo a gindin allura, an manna filasta, ruwa ya fara ɗiga. Likitoci da kansu sukan tsaya su kalla, su girgiza kai su wuce.

In aka tambaye ta inda ta koya, sai ta ce a gindin keken ɗinkin mahaifiyarta. Tsohuwar tela ce da idonta ya raunana da wuri, ita kuma 'yar fari, don haka tun ba ta kai tsayin keken ba take zura mata zare a allura. Da ta shiga makarantar koyon jinya ba ta yi wani fice a karatu ba, ta ma sha faɗa a kan rubutunta mai kama da inda kaza ta yi tono. Amma ranar da aka fara ba ta allura ta riƙe, malamarsu ta dube ta ta ce a kai wannan ɗakin yara. Can ta shiga da ƙuruciyarta, tana can ta yi aure, tana can ta yi goyon 'ya'yanta, can furfura ta same ta, har aka damƙa mata shugabancin ɗakin gaba ɗaya.

Kuma ta riƙe shi da hannu bibbiyu. Da safe kafin ta amsa gaisuwar kowa sai ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadaje, in ta ga ko ɓawon lemo ne, ranar mai shara ba zai ji daɗin karin kumallo ba. Ita ce ta yi tsayin daka har hukumar asibiti ta yarda iyaye mata su riƙa zama kusa da 'ya'yansu dare da rana, a zamanin da ake korarsu waje da zarar lokacin ziyara ya ƙare. Ita ce ta hana a yi wa uwa tsawa don ta kawo yaro a makare. "Ai ta kawo shi," takan ce. "In kika yi mata tsawa yau, gobe ba za ta kawo ƙaninsa ba." Nas-nas ɗinta suna tsoronta, suna kuma son ta, don in aka yi kuskure ita take shiga gaba ta shanye faɗan manya, sannan ta dawo ta rufe ƙofa ta sauke musu nasu kason ba ragi.

Sai dai akwai wata magana tata da duk wadda ta yi aiki a ƙarƙashinta ta haddace: "Matsa, yarinya." Da zarar sabuwar nas ta soka allura ba ta samu jijiya ba, yaro ya tsala ihu, sai ta ji an dafa kafaɗarta. Ba da faɗa Sista take furta maganar ba, ba kuma don raini ba. Kukan yaro ne ba ta iya jurewa alhali ta san da hannunta yanzu za a gama. To wa zai ga laifinta? Uwa ta yi godiya, yaro ya huta, nas ɗin ma ta sauke ajiyar zuciya ta koma riƙe filasta. Da tafiya ta yi tafiya, sai aka daina ko gwadawar farkon. In aka kawo yaron da ya bushe, abin da aka sani shi ne a shirya tire, a kunna fitila, a aika a kira Sista. An kira ta tana tsakiyar cin abinci, an kira ta tana hutu, an taɓa aiko motar asibiti ta ɗauko ta daga makarantar autarta ranar raba kyaututtuka. Takan yi mita, "Ku dai ba kwa barin mutum ya sha iska," amma duk wanda ya ga saurin da take sa takalmi ya san kiran yana mata daɗi.

Mijinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a bakin titi wanda mutum biyu ba sa iya tsayuwa a ciki lokaci ɗaya. Mutum ne mai sanyin magana da yawan tsokana. Yakan ce shi dai rabin mata ya aura, ɗaya rabin na asibiti ne, kuma asibitin ya kwashi rabin da ya fi fara'a. Shi ya fara lura, don sana'arsa ta koya masa kallon hannu. Wata safiya ta miƙo masa shayi, sai ya ji kofin yana 'yar ƙara a kan faranti. Ya karɓa ya sha. Da abin ya ƙi ƙarewa, rannan ya ajiye kofin, ya kamo hannunta na dama ya shimfiɗa a tafinsa.

"Maman yara, yaushe wannan ya fara?"

"Me ya fara? Gajiya ce."

"Gajiya ba ta zaɓar hannu ɗaya."

"To sannu da aiki, likita. Sha shayinka kafin ya huce."

"Ni dai agogo nake gyarawa, amma na san abin da ya fara rawa ba ya dainawa don kansa. Ki je a duba ki."

Ta zare hannunta ta ce ta makara.

Ta ɓoye abin iya ɓoyewa. Ta koyi jingina gwiwar hannu a kan tebur kafin ta soka allura, ta koyi riƙe numfashi, ta daina shan shayi a gaban mutane, hannun kuwa kullum yana cikin aljihun farar rigarta. Aka kwashe watanni a haka, sunanta bai zube ba, har ta fara gaya wa kanta wataƙila gajiyar ce da gaske.

Ranar da asiri ya tonu rana ce kamar kowace, da hantsi. Wani mutum ya shigo a guje da 'yarsa a kafaɗa, uwar tana biye ko takalmi babu. Yarinyar ba ta isa yaye ba, ta ma daina kuka, kanta sai lilo yake. Aka shimfiɗa ta, aka kunna fitila, Sista ta zo. Ta ɗumama hannun, ta lumshe ido, yatsanta ya samu jijiyar, tana nan siririya daidai inda ta zata. Amma da ta kawo allurar sai bakin ya kauce. Ta soka, babu jini. Ta koma ɗaya hannun, ta soka, jijiyar ta fashe, wurin ya tashi ya yi baƙi. Gumi ya karyo mata. Yanzu kam kowa yana ganin allurar tana rawa tsakanin yatsunta.

Ta ɗago ta dubi nas-nas ɗinta. Sun kewaye teburin, wannan da filasta, wannan da auduga, wannan ta riƙe sandar da ake rataya ruwa.

"Wata ta karɓa," in ji ta.

Ba wadda ta motsa. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru a ɗakin nan. Suka dubi juna, suka dubi ƙasa, wadda ta fi kusa ma ja da baya ta yi. Ba ƙin umarni suka yi ba, iyawa ce ba su yi ba, kuma Sista ta san wadda ta hana su iyawa.

Allah ya taimaka, Dogon Likita, babban likitan yara, yana wucewa ta baranda zai tafi taro. Aka ƙwala masa kira, ya zo ya aske gefen kan yarinyar, ya yi ta fama da wata jijiya a can, da ƙyar ya samu. Yarinyar ta rayu. Da yamma ta buɗe ido ta nemi nono, uwar ta zo har ofis tana yi wa Sista godiya, godiyar da ta fi mata zagi ciwo.

Dogon Likita sun daɗe tare da ita, shi kaɗai ne yake tsokanarta a ɗakin nan ya kwana lafiya. Ya sa ta miƙa hannaye, ya ɗora farar takarda a kai, takardar ta yi ta karkarwa. Ya tura ta gwaje-gwaje. Da sakamako ya fito bai yi mata kwana-kwana ba. Ba ciwon da zai kwantar da ita ba ne, magani zai rage shi, amma hannun ba zai koma yadda yake da ba.

"Akwai kujera a ofishin sama," ya ce. "Fanka mai aiki, ba kuka, ba amai. Ki je ki riƙa sa hannu a takardu."

"Da wane hannun?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Likita, in da taron nan naka da wuri aka fara shi fa? In da kana gida?"

Ya ajiye takardar sakamakon a kan tebur.

"Ni ba hannuna nake wa kuka ba," ta ce, ko da yake tana yi masa, kukan ma ba kaɗan ba. "Gobe za a kawo wani. Ga damina tana tafe, ka san yadda ɗakin nan yake cika. Wa zai sa musu?"

Washegari ta tara su bayan koren labule. Ta samo siraran robobi ta ɗura musu jan ruwa, ta shimfiɗa safar hannu a kai, ta ce kowacce ta nemo ta soka. Suka yi ta sokar roba suna dariya kamar 'yan makaranta. Ta tsaya tana kallonsu, ta ga ba inda wannan zai kai su, don roba ba ta gudu, ba ta fizge-fizge. Sai ta naɗe hannun riga, ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannunta a kan teburin.

"Ga jijiya mai rai, ga shi kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, kamar ta yaro. Wa za ta fara?"

"Haba, Sista!"

"Babu haba. Ke Sanyi, zo nan."

Sanyi wata nas ce da aka laƙaba wa wannan suna saboda komai nata a hankali take yi, ko gobara ake sai ta gyara hula kafin ta tashi. Sista ta daɗe tana yi mata kallon ragguwa. Ta matso jiki a mace, ta ɗaure robar, ta soka, ta kuskure. Nan take ta ja da baya ta miƙa allurar gefe, kamar yadda ta saba.

"Wa kike miƙa wa? Jefar da ita, ɗauki sabuwa ki sake."

Sanyi ta tsaya da tire a hannu. "Sista, kin san tun da na zo ɗakin nan ban taɓa sokawa ta biyu ba?" Ba gatse take yi ba, mamaki ne zalla a muryarta.

"To yau kin samu. Sake, kuma ki daina kallon fuskata, ba a nan jijiyar take ba."

Ran nan ta koma gida hannaye duk filasta. Mijin ya dube ta tun daga ƙofa.

"Maman yara, da ƙudan zuma kika yi faɗa?"

"Ɗalibai na samu."

"To Allah ya sa ba tiyata za ki koya musu nan gaba ba."

Ya ɗebo ruwan ɗumi, ya samo tsumma, ya zauna yana gasa mata. Ta gaya masa abin da ya fi damunta, cewa hannunta mai sauƙi ne, ranar da za a koma kan yara ba ta san yadda za ta tsaya tana jin kuka ba ta karɓa ba. Ya matse tsumman ya ce, "Maigidana da ya koya mini gyara, in ya ga na fara ɓata agogo sai ya tashi ya fita daga shago. Na daɗe ina zaton fushi ne. Sai da na girma ya ce mini tsoro yake kada hannunsa ya ƙwace." Ita ba ta da damar fita daga ɗaki, don haka ta samo tata dabarar: in wata tana sa allura, sai ta tsaya a bayanta, ta haɗa hannayenta biyu a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya.

Koyarwar ta ba ta wuya fiye da yadda ta zata. Abin da yatsanta ya sani bai taɓa bi ta bakinta ba. Sai ta fara bayani ta rasa kalma, ta yi tsaki, ta kamo yatsan nas ɗin ta ɗora a wurin ta ce, "Ji nan. A'a, kada ki danna, ki saurara da yatsa. Kin ji ta yi laushi ta dawo? To ita ce." Wasu suka gane da wuri, wasu sai da ta yi kamar ta ci babu. Kowace safiya kafin a fara zagaye ana wannan darasi, hannun Sista in ya gaji su koma hannun juna, har mai shara ya riƙa ɓoye nasa hannun in zai wuce ta gaban labulen.

Amma ba nas-nas ne kaɗai suka saba ba, garin ma ya saba. Iyaye tun daga bakin ƙofa suke tambaya ko Sau-Ɗaya tana nan. Rannan wata tsohuwa ta kawo jikanta, yaro ɗan shekara guda da ya kwana biyu yana zawo. Da ta ga Sanyi ta ɗauko tire sai ta rungume yaron ta juya baya.

"Ba wadda za ta taɓa mini jika sai ke," ta ce da Sista. "Ke kika sa wa ubansa yana jariri, ban manta ba."

"Iya, wannan ma ta iya. Ni na koya mata."

"Ta je ta koya a kan jikan wani."

Sista ta lallasa, ta yi bayani, tsohuwa ta kafe. Iyayen da suke gadajen kusa duk sun miƙo wuya suna saurare, kowacce kuma ra'ayinta ɗaya da na tsohuwar. Yaron kuwa idonsa sai ƙara lumshewa yake. Sista ta ga lokaci yana tafiya. Ta zaro hannun daga aljihu, ta miƙe shi a gaban tsohuwar, a gaban ɗakin gaba ɗaya, ta buɗe yatsu ta bar shi ya yi abin da yake so.

"Iya, dubi. Wannan hannun kike so a jikin jikanki?"

Tsohuwa ta dubi hannun, ta dubi fuskarta. "Wayyo, 'yar nan," ta ce a hankali. Ta miƙa yaron.

Sanyi ta ɗumama ɗan hannun, ta laluba, ta soka, ta kuskure. Yaron ya yi wata 'yar ƙara mai rauni da ta fi ihu tayar da hankali. Tsohuwar ta ɗago ido ta kafe Sista da shi. Maganar nan da ta saba ta taso mata har kan harshe, hannayenta a baya suna damƙe da juna har farce ya shiga nama. Ta haɗiye.

"Ɗauki sabuwa. Yi ƙasa kaɗan, kusa da ɗan yatsa. Kada ki yi sauri."

Sanyi dai ko a mafarki ba ta taɓa yin sauri ba. Ta sunkuya, ta ɗauki lokacinta, ta tura allurar a kwance. Jini ya leƙo. Aka manna filasta, ruwa ya fara sauka. Tsohuwar ta saki dogon numfashi, ta dubi Sanyi sama da ƙasa ta ce, "To, wannan kuma Sau-Biyu ce." Ɗakin ya kwashe da dariya, har da Sista.

Kafin yamma labari ya zagaye gari cewa hannun Sau-Ɗaya ya tashi aiki. Masu jaje suka yi ta zuwa, har da waɗanda suka kawo mata sunayen magunguna. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don mutum ba ya rabuwa da sunan da ya ɗauka tun ƙuruciya ya ce bai ji komai ba. Amma daga ranar iyaye suka daina juya wa nas-nas baya.

Da hannayen 'yan matanta suka fara faɗawa, sai ta tsinci kanta da lokacin da ba ta taɓa samu ba. Tana tsaye tana kallon yaran da ake kawowa, ta yi tunanin cewa ba a yini ɗaya yaro yake bushewa haka ba, a gida abin yake farawa. Ta nemi izini wajen Dogon Likita ta riƙa fita unguwanni da rana. Ta ajiye farar riga ta sa kayan gida, don ta lura mata suna ɓoye wa farar riga gaskiya. Ta ɗauki jug da cokali, ta riƙa shiga gida-gida, ta zauna a tsakar gida ta nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da yadda ake ba yaro cokali-cokali ko da yana amai, da yadda ake jan fatar ciki a gani, da alamar da in aka gani ba a jiran maigida ya dawo daga aiki. In ta zo awo hannun ya zubar da sukarin, matan su yi dariya su karɓi cokalin su auna da kansu, ita kuma dama abin da take so ke nan. A kowane layi ta zaɓi mace ɗaya mai baki, mai shago ko mai gyaran gashi, wadda in ta faɗi magana ba a iya yin kamar ba a ji ba, ta ɗora mata nauyin layin.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Wata rana tana wata unguwa can bayan gada, tana tsakiyar bayani, sai wata mata da ta dawo daga kasuwa ta ce ai an samu matsala a unguwar tasha. Bututun ruwan sha ya fashe ya haɗu da kwata, tun safe ake kwasar yara zuwa asibiti, mota bayan mota. Sista ta miƙe zumbur. Tun safe? Direban asibiti ya san inda take, shi ya sauke ta, amma ba wanda ya zo. Ta bar jug ɗin a nan, ta fita cikin ruwa ta tare tasi. Duk hanyar ba abin da take gani sai nas-nas a kewaye da tebur, kowacce tana kallon ƙasa.

Ta shiga ɗakin a jiƙe sharkaf. Ya cika maƙil, yara biyu-biyu a gado, an shimfiɗa katifu a ƙasa har bakin ƙofa. Sandunan rataya ruwa sun ƙare, an koma ƙusoshin taga. Amma ko'ina ta duba leda ce a rataye, tana ɗiga. Ta bi gado-gado tana ɗaga ƙananan hannaye tana dubawa, filasta a manne tsaf, babu kumburi. Dogon Likita ma ba ya ciki, an ce yana can ɓangaren gaggawa tun hantsi. Nas-nas suna ta kai da kawo, wannan ta gaishe ta a tsaye ta wuce, wata ma ba ta gan ta ba.

Ta samu Sanyi a bayan labule ta gama sa wa wani jariri, tana manna filasta.

"Me ya sa ba ku aiko ba?"

Sanyi ta ɗago, ta share gumi da gwiwar hannu. Ta yi tunanin tambayar da gaske, kamar yadda take yin komai.

"Wallahi, Sista, ba mu tuna ba."

Sai kuma ta ji abin da ta faɗa, ta dafe baki. "Ba haka nake nufi ba, Sista, abin ne ya..."

"Haka kike nufi. Ci gaba da aikinki, ga wani can an shigo da shi."

Ta fito baranda ta zauna a kan bencin masu jira. Abin da ta nema ke nan, shi ta ba da hannunta aka yi ta sokawa dominsa, shi ta sayar da sunanta a kai, kuma ta samu. Daɗi ya cika ta, baƙin ciki ma ya cika ta, ta rasa wanda za ta fara ji. Hawaye suka zubo, ba ta tare su ba.

Wata yarinyar mata tana zaune a ɗaya gefen bencin, da zanen goyo a cinya babu yaro a ciki. Ba wadda ta san asibitin ba ce, ba ta ga kowa ba sai wata dattijuwa a jiƙe tana kuka. Ta matso.

"Iya, jikanki ne a ciki?"

Sista ta sa bayan hannu ta share hawaye.

"Ki daina kuka, Iya. Nas-nas ɗin ɗakin nan duk sun iya aiki. Nawa ma ɗazu aka sa masa ruwa, wata 'yar ƙarama ce ta sa, ko ɗaga kai ba ta yi ta nemi kowa ba."

"Haka ne?"

"Wallahi. Duk wadda kika samu a cikinsu, kin dace." Ta kamo hannun Sista ta riƙe a cinyarta, sai ta ji yana karkarwa. "Kai, Iya, dubi yadda jikinki yake ɓari. Ki kwantar da hankalinki, ba abin da zai same shi."

"To, 'yata," in ji Sista. "Na kwantar."

Ta bar mata hannun ta ci gaba da riƙewa.